Wa Ya Riƙe Tsanin?

Wani mutum ne a unguwar Tudun Kurciya, can bayan gari inda kwalta ta gaji ta tsaya, ana ce masa Sallau Sufeto. Kada ka ji Sufeto ka ƙame. Bawan Allahn nan ko kulki bai taɓa riƙewa ba. Tela ne. A bakin barikin 'yan sanda ya yi zamaninsa, yana rage musu wando yana ɗinke musu aljihu. Da ya manyanta sai ya sayar da keken ɗinkin, ya dawo sabuwar unguwa inda ba wanda ya san asalinsa, ya ƙara wa kansa girma.

Baki kuwa, Allah ya ba shi. In ya zauna gindin dogonyaron ƙofar gidansa ya fara, sai ka rantse shi ya kama duk ɓarayin ƙasar nan.

"Ni fa ɓarawo warinsa nake ji," in ji shi, yana taɓa hanci. "Ko cikin sahun Idi ya shige, kallo ɗaya zan yi masa in ce kai, fito!"

Matarsa Kande in ta jiyo daga cikin gida sai ta ce, "Uhm." Ita ta san dawar garin.

To Tudun Kurciya irin unguwar nan ce, gida ɗaya kango uku. Da safe maza su ɗunguma cikin gari neman abinci, sai magariba. Ɓarayi suka gano haka, suka mai da wurin gonarsu. Yau a kwance kan famfo, gobe batirin sola, jibi akuya. Wani ma ya dawo daga kasuwa ya tarar an cire masa ƙofar banɗaki, an bar masa butar.

Abin ya ishi mai unguwa, Alhaji Mati. Ya ce za a kafa 'yan sintiri, kuma baturen 'yan sandan yankin da kansa zai zo ya naɗa shugabansu, a ba shi riga mai ƙyalli da usur da ƙatuwar tocila. Tun da Sallau ya ji maganar usur ɗin nan barci ya ƙaurace masa. Wallahi har gwajin hurawa yake da murfin biro.

Ana nan, wata rana da hantsi, unguwa tsit, wuta ba ta nan kamar kullum, sai ga wata a-kori-kura ta ratso bayan gidan Sallau, ƙiiii, ta tsaya wajen kangwaye, inda babban layin wuta ya shigo unguwar. Mutum uku suka diro. Riguna masu ƙyalli, hulunan kwano, ga tsani zanƙalele.

Ka san halinmu. In aka ga mai hular kwano da tsani, ba a tambayarsa takarda. Addu'a kawai ake kada ya doso turken ƙofar gidanka. Amma Sallau ya gyara hula ya taka, hannu a baya.

"Kai samari! Wa ya ba ku izini? Kun san a gaban wa kuke? Sufeto Sallau, mai ritaya!"

Babbansu, wani dogo mai wushirya, ya dubi tsohon sama da ƙasa. Sai ya buga ƙafa, dam, ya sara masa.

"Ranka ya daɗe! Ai tun daga ofis aka ce mana kada mu taɓa komai sai mun gaida Sufeto. Tsofaffin wayoyi za mu kwashe, a kawo muku sababbi masu kauri."

Wayyo, daɗi kashe Sallau. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa sara masa ba.

"Madalla, yaro. Ka yi tarbiyya. Ku kama aiki, ina nan."

Suka jingina tsani. Ƙasar wurin yashi ce, dogo na hawa tsani na rawa. Sallau ya daka tsawa.

"Kai, za ku kashe kanku! Haka aka koya muku? Kawo nan!"

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a kango, ya rungumi tsani da hannu biyu, ya tokare shi da gwiwa. Dogo na sama, ƙwas, ƙwas, waya na faɗowa, sauran biyun na naɗewa suna lodawa. Daga wannan turke zuwa wancan Sallau na biye, gumi sharkaf, yana ba da umarni.

"Ku bi ta can, wadda ta nufi gidan mai unguwa ta fi nauyi. Kada ku bar ko taƙi!"

Da rana ta take ya leƙa ta katanga. "Kande! Zubo wa ma'aikata ɗanwake. Ki sa ƙwai!"

Kande ta miƙo a sabuwar kularta ta zuwa biki, tana ƙunƙuni. Suka cinye tas. Sannan Sallau ya ja dogo gefe ya rage murya, don ba banza ya yi wahalar nan ba.

"In an kawo sabuwar, a fara da layin gidana. Kuma ɗan yanko mini guntu, uwargida na fama da igiyar shanya."

"An gama, ranka ya daɗe."

Aka yanko masa mai tsawo. Mota ta tashi, fuuu, har da kular Kande a ciki. Sallau na ɗaga musu hannu yana cewa su gaida manya.

Abin dariyar, ba wanda ya lura. Wa zai lura? Rashin wuta a Tudun Kurciya ba labari ba ne. Kowa ya ce halin masu wuta ne, za su kawo. Sai da aka kwana biyu ana ganin unguwar tsallake tar da haske, sannan wani ya ɗaga kai ya ga turaku tsirara. Unguwa ta ɗauki salati. Alhaji Mati ya garzaya ofishin wuta, suka ce su ba su aiko kowa ba.

Sallau ya sulale daga cikin taron. Ya shiga gida ya tarar da wandonsa na lilo a kan wayar da aka yanko masa.

"Malam," in ji Kande, "ma'aikatan naka ba su dawo mini da kula ba."

"Rufa mini asiri, Kande! Ki manta da kular nan."

"In manta? Ko biki ɗaya ban kai ta ba."

Da wani mai hankali ne, da sai ya kama bakinsa ya lafe. To amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Sallau ya zauna ya yi ta kallon wayar, sai wata dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Ya sauke shanyar Kande a kan turmi, ya naɗe waya ya cusa a buhu.

Ranar naɗi ta zo. Bayan la'asar ƙofar gidan mai unguwa ta cika, maza a tabarmi, mata daga gefe. Motar 'yan sanda ta iso, bayanta a lulluɓe da tamfol, ta tsaya can gindin mangwaro. Baturen 'yan sanda ya fito, wani kakkaura mai sanyin magana, aka ba shi kujera. Ga riga mai ƙyalli da usur a kan tebur, Sallau na satar kallonsu yana haɗiyar yawu.

Baturen ya ce kafin a yi naɗi, yana son jin ko akwai wanda ya ga masu satar waya.

Caraf Sallau ya miƙe, ya zazzage buhu a gaban jama'a.

"Gani ai ya wuce gani, yallaɓai! Artabu muka yi. Ga abin da na ƙwato da hannuna!"

Wuri ya ɗauki kabbara. Alhaji Mati ya ce, "Sufeto! Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Aikin sirri ba a tallarsa, Alhaji. Ina zaune na ji wari. Na ce yau akwai ɓarayi a unguwar nan. Na zagaya, sai ga su, ƙarti ba su ƙirguwa, kowa da adda. Na yi kukan kura na faɗa cikinsu. Wannan in ba shi gula, tim! Wancan in sa masa ƙafa, rim! Na damƙi waya, suna ja ina ja, suna ja da mota ina ja da hannu, har ta tsinke!"

Baturen ya ɗauki wayar ya duba bakinta, yankan almakashi sumul. Ya ciro wani abin maƙale shanya da ya rage a jiki, ya ajiye a tebur.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. To akwai wanda muke nema ruwa a jallo. An ce mana akwai wanda ya riƙe musu tsani. Ka gan shi?"

Nan fa ya kamata Sallau ya ji ƙanshin mutuwa. Ina! Baki ya riga ya ɗauki zafi.

"Na gan shi ƙuru-ƙuru! Wani mummuna ne, mai idon kwaɗayi. Kallo ɗaya na san gadon sata ya yi, tun daga kakansa. Ai shi ne uban tafiyar. Yallaɓai, in kun kama shi kada ku wahalar da alƙali, ku miƙo mini shi nan!"

Daga ɓangaren mata aka ji Kande ta ce, "Uhm."

Baturen ya ɗaga hannu. "Saja, kawo baƙinmu."

Sajan ya yaye tamfol. Ga tsani, ga tulin waya, ga mutum uku da ankwa. Ashe a wata unguwa suka je maimaita sana'ar, aka ci sa'a wutar ta dawo ana tsakiyar aiki, dogo ya faɗo daga sama yana ihu, jama'a suka yi musu ƙawanya. Rana dubu ta ɓarawo.

Aka taso ƙeyarsu gaban tebur. Dogo na hango Sallau ya washe wushirya, ya buga ƙafa, ya ɗago hannu biyu da ankwa ya sara.

"Ranka ya daɗe, Sufeto! Ya gajiyar rannan?"

Jama'a duk suka juyo, ido ya koma kan Sallau.

"Ban san shi ba!" in ji Sallau. "Wallahi sharri ne! Yaro, ka taɓa ganina?"

"Haba Baba. Yallaɓai, mun zaga unguwanni da yawa, ba mu taɓa samun mai riƙe tsani kamarsa ba. Ko motsi ba ya yi. Da shi muka tafi rannan da ban faɗo ba."

Sajan ya koma mota ya dawo da kula, ya juyo gindinta ga jama'a. Ka san mata da kwanukan biki, kowace sai ta rubuta sunanta da jan farce don kada a musanya. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da ja: Kanden Sallau.

"Kulata!" Kande ta yi tsalle. "Alhamdu lillahi! Saja, da murfin?"

Wuri ya fashe. Wani ya faɗi daga benci yana riƙe ciki. Alhaji Mati dariya yake yana hawaye yana cewa, "Ashe kai ka nuna musu layin gidana!"

Gumi ya karyo wa Sallau, amma bai saduda ba.

"Ku tsaya! Dabarar aiki ce! Na riƙe tsanin ne don in haddace fuskokinsu!"

"To ɗanwaken fa?" in ji baturen.

"Har da ƙwai ya ce in sa musu, yallaɓai," in ji Kande. "Ni da nake aurensa sai da salla nake ganin ƙwai."

Sajan kuwa tun ɗazu yake ƙare wa Sallau kallo. Can ya tafa hannu.

"Af! Sallau tela na bakin bariki! Kai ne ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo!"

Shi ke nan, sufetanci ya bi ruwa. Sallau ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa ta ƙi. Yana ji yana gani aka ɗauki rigar nan mai ƙyalli aka saka wa wani mai gyaran babur, aka rataya masa usur, ya hura, fiiit, daidai kunnen Sallau.

Baturen ya share hawayen dariya ya ce, "Baba, na san ba ɓarawo ba ne kai. Amma ka ce in mun kama mai riƙe tsani mu miƙo maka shi. To mun miƙa maka. Riƙo shi da kyau ka kawo mana caji ofis, ya ba da bayani."

Aka nufi mota, aka fara loda ɓarayin a baya. Bayanta da tudu, Sallau kuwa ga babbar riga ga tsufa. Ya ɗaga ƙafa ya zame. Ya sake, ya zame. Duk unguwa na kallo.

Sai dogo ya leƙo daga sama, cike da ladabi.

"Saja, don Allah a sauko wa Baba da tsanin nan. Yau mu za mu riƙe masa."