Ranar da Aka Auna Ikilisiyarmu da Masara

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da Rabaran ya zo auna ikilisiyarmu ba.

Ikilisiyar tamu ƙarama ce, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, dab da babbar hanyar ruwa. Dukkanmu manoman rani ne, daga mai tumatir sai mai albasa. Ni kuwa karatuna bai wuce in gane lambar waƙa a littafi ba, amma saboda furfura da iya baki aka ba ni shugabancin kwamitin ziyarar marasa lafiya. Shekara bakwai ana ce mini Shugaba, har maƙwabtanmu Musulmi suka ɗauka. Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Aikin ne dai (tsakanina da ku) ban cika damunsa ba, shi ma bai dame ni ba. Gidan suna ba a riga ni zuwa, amma gidan majinyaci kullum sai gobe.

Wata rana Fasto ya yi shela cewa Rabaran zai zo daga gunduma a duba inda muke da ƙarfi da inda muke ɗingishi. Tunda yawancinmu ba ma karatu, ba za a raba takarda ba. Za a jera ƙwarya biyar a bayan zana: ta waƙa, ta addu'a, ta koyar da yara, ta karɓar baƙi, sai ta ziyara. Kowane babba a ba shi ƙwayar masara uku, ya shiga shi kaɗai ya jefa inda ya ga muna ƙoƙari.

"Aikin da ƙwaryarsa ta fito da yunwa," in ji Fasto, "za mu sake duba shi, har da mai riƙe da shi."

Da ya faɗi haka bai dube ni ba. Wannan rashin duban ne ya hana ni sakewa mako guda.

Ran Lahadi matata Saratu ta riga ni fita. Ana buga ƙararrawa ta biyu na faɗa ɗakin ajiya, na zura hannu a buhun da ke bayan ƙofa, inda masarar tuwo take tun da aka gina ɗakin, na damƙo cikin hannu na cusa a aljihun farar rigata. Ban ko duba ba. Ashe jiya Saratu ta ɗauke masarar tuwon saboda ɓera, ta ajiye irin shukan da na sayo a Kura a wurin. Duk manomi ya san irin nan, wanda ake cuɗe shi da jan magani don kada ƙwari su ci.

Ana wa'azi, hannuna na cikin aljihu na dunƙule masarar kada ta yi motsi. Ga zafin rufin kwano, ga gumi. Da layi ya zo kaina na shiga bayan zana da tafiyar dattijo. Na ɗan ɗaga faifan da aka rufe ƙwaryar ziyara da shi, idona na kan kafar zana ko wani na tahowa, na juye ukun da aka ba ni da guzurina gaba ɗaya. Na fito ina rera waƙar godiya ƙasa-ƙasa.

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Rabaran ya juye ƙwaryar waƙa, ta yi tsibi, mata suka rangaɗa guɗa. Ta karɓar baƙi ma ba laifi. Ta yara ta ɗan rame, malaminsu ya sunkuyar da kai, har na ji tausayinsa (ni, wai!). Sai aka zo kan tawa.

Jama'a, ja wur! Kamar an yanka zakara a kan ƙyallen.

Mai hankali da sai ya yi shiru, amma ni an ce mini Shugaba. Na miƙe na gyara murya.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan a ɗakin Ubangiji? Ya fito!"

Kuma na ɗaga hannu sama, na buɗe tafin sosai don maganar ta yi nauyi.

Hannatu, shugabar zumuntar mata, ita ta fara magana. "Shugaba, sauke hannun haka nan. Ai ya riga ya ba da shaida."

Na juyo da tafin. Ja kamar na amarya an ƙunsa mata lalle. Na dubi aljihu, shi ma ya rine har waje. Dariya ta tashi daga bencin matasa ta ratsa har kan dattawa. Fasto ya rufe fuska da littafin waƙa, kafaɗunsa na rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na ce mata na gode.

Rabaran mutum ne mai sanyi. Ya sa yatsa yana ware jajaye gefe. Farare suka rage huɗu.

"Uku naka ne, Dattijo, ko?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To ta huɗun fa?"

Na waiwaya wajen Saratu da 'yar fata. Ta ce, "Kada ka dube ni, Malam. Ni a waƙa na zuba nawa."

Sai daga can baya muka ji muryar Baba Yakubu, tsohon da ciwon ƙafa ya kwantar da shi wata biyar, ran nan ma a kan babur aka kawo shi.

"Ni na jefa. Sau ɗaya ya zo duba ni, kuma ya shanye kunun da aka dama mini tas. Amma ya zauna ya ba ni labarin yadda jaki ya kayar da shi a magudanar ruwa, na yi dariya har na manta da ƙafar. Duk wata biyar ɗin nan ranar ce kaɗai na yi dariya. Na yi ta sauraron sallamarsa, bai dawo ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Jan hannun bai ƙona ni kamar maganar nan ba.

Rabaran ya ce, "To, ga ƙarfinku ga rauninku a ƙwarya ɗaya. Kuna da mutumin da majinyaci ke marmarin gani. Me ke hana zuwan?"

Nan bakin kowa ya buɗe. Maza suka ce layin ban ruwa ne, in ranarka ta zo ka bar gona ka yi asara. Mata suka ce su dama suna zuwa, ba a dai taɓa sa su a kwamiti ba. Kafin a tashi aka shirya cewa wanda ba ranar ruwansa ba ce shi zai je ziyara, wanda ke bakin ruwa kuma ya shayar da gonar majinyacin tare da tasa. Aka ba Hannatu shugabanci. Ni aka ce in zama mai rakiya, aikina ɗaukar kwanon kunu da ba da labari, da sharaɗin kada in buɗe murfin.

Yanzu duk Laraba ina gidan wani. Baba Yakubu ya fara takawa da sanda, albasarsa ma ba ta mutu ba. In na yi sallama sai ya ce wa jikarsa, "Ɓoye kunun, ga shi nan ya zo."

Da aka karɓe muƙamin, na ɗauke kaina daga kujerar dattawa na koma bencin baya don kunya. A nan na gano abin da ya fi wa'azin ranar shiga kaina: na gaba Fasto kawai yake gani, na baya shi ke ganin gurbin wanda bai zo ba. Ku dai in an zo auna ku, ku tsaya a auna ku yadda kuke. Ramar ƙwarya tana da magani, amma riga fara, na gaya muku, wanki uku ba ta dawo ba.