Famfon Garinmu Ya Tafi Jami'a

Jama'a, da jiƙaƙƙen wando nake rubuta muku wannan. Da safen nan na faɗi da keke a hanyar rafi, jarka ta fashe, ruwan da Bake matata za ta dafa doyar sakwara da shi ƙasa ta shanye.

Kada ku ce ba mu da famfo a nan ƙauyenmu na Bargu. Muna da shi, karatu ya tafi.

Hannunsa ne ya karye bara. Muka kai kuka birni, sai Allah ya haɗa mu da masu girma shehunan malaman jami'a, masu sabon tsarin aiki tare da al'umma. Mota guda suka ciko. Babbansu ya ce zamanin da masani ɗaya zai gyara abu shi kaɗai ya wuce, yanzu sai kowane fanni ya sa baki.

Kowa kuwa ya sa. Masanin halayyar ɗan Adam ya tambaye mu yadda muke ji a ranmu idan mun tuna famfon. Masanin harshe ya wuni yana neman asalin sunansa. Wata malama ta tara mata, ta ce kowacce ta zana ƙishirwa.

Bake ta ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, a cikinku wa ya zo da sufana?"

Aka tafa mata. Babban ya ce wannan ita ce muryar al'umma. Injiniyansu ashe yana Turai, wurin taro kan ƙarancin ruwa.

Sufana dai ta samu, direbansu na da ita. Bayan sun ci soyayyen wagashi, wato cukunmu na madarar shanu, sun kora da ruwan roba, da ita aka kwance famfon ɗungurungum aka ɗora a mota, a nuna wa masu ba da tallafi.

Maƙwabcina Sero, wanda ruwan rafi ya kwantar masa da 'ya'ya biyu, ya bi sawu har jami'ar. Ya dawo baki buɗe.

"Woru, ka ga famfonmu kuwa? Cikin gilashi, fanka na kaɗa masa! Har ya yi ƙiba."

"Yaushe zai dawo?"

"Sai masanin tarihi ya gama hutu, shi bai gan shi ba tukuna."

Ni dai ban raina ilimi ba, Allah ya ƙara musu basira. Amma jiya aka aiko cewa za su dawo su duba gadarmu da ta tsage. Mai gari ya riga ya sa an lulluɓe ta da ganyen ayaba. In kun haɗu da su a hanya, don Allah ku ce mu tun kaka da kakanni iyo muke yi.