Aljanin da Na Ɗora wa Yaya Sani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a tsakiyar tabarma a Dingaya ba, dattawa sun kewaye ni, ana jira in tabbatar musu da bakina cewa ni maƙaryaci ne. Abin takaicin ma, addu'ar da nake ta yi a zuciyata ita ce Allah Ya sa su yarda.

Ni malamin firamare ne a Birnin Kudu, kuma tun ina yaro nake fama da cutar karatun littattafan yaƙi, irin na dauloli da takubba da matsafa da aljanu masu kai bakwai. Da karatun ya yi mini yawa sai na ce ai ni ma ba a fi ni hannu ba. Na fara rubuta nawa a waya, ina turawa wani guruf na masu karatun littattafai, shafi-shafi. Na raɗa masa suna Alƙawarin Ƙarƙazu. (Kar ka tambaye ni inda na samo Ƙarƙazu. Ina cin gyaɗa ya faɗo mini.)

Labarin wani sarkin yaƙi ne da ya ga daular maƙwabta za ta cinye tasu, sai ya shiga kogon dutse ya ƙulla alƙawari da wani aljani mai suna Ƙarƙazu. Aljanin zai ba shi nasara, shi kuma ya ba da kowane ɗan fari a zuri'arsa har abada. Kuma aljanin ba ya tashi sai ɗan farin ya yi aure. Kwana arba'in da tarewar amarya, sai idon ango ya juye, muryarsa ta canja, daga nan sai yadda hali ya yi. Ni dai a ganina ba a taɓa rubuta kamarsa ba.

Sati uku ina turawa, ko tari ba wanda ya yi. Mutum ɗaya ne ya rubuto "sannu da ƙoƙari", irin abin da nake gaya wa 'yan aji ɗaya in sun zana mini akuya mai ƙafa shida. Sai na lura da wani abu: duk marubucin da ya sa "labarin gaskiya ne" a saman shafinsa, jama'a rububinsa suke yi. To, ni ma na ga hanya. Na koma shafin farko na rubuta: "Wannan ba ƙirƙira ba ce. Sirrin gidanmu ne, kakata ce ta faɗa mini kafin ta rasu." Na goge sunan sarkin yaƙin na sa Ilu, sunan kakana na wajen uba. Na shiga ɗakin shirgi na ɗauko wata tsohuwar adda da tsatsa ta gama cinyewa, na ɗauki hotonta, na ce takobin gado ne.

Sai ga jama'a kamar an buɗe kasuwa. Masu yi mini jaje, masu yi mana addu'a, wata baiwar Allah har lambar mai ruƙiyya ta turo mini. Kaina ya kumbura. Ina tafiya makaranta ina jin ana kallona, alhali ba mai kallona.

Kuskuren da ya fi kowanne kuwa na lalaci ne. Na zo wajen siffanta ɗan farin wannan zamanin, wanda aljanin ke jira, kaina ya toshe. Na ɗaga ido, ga yayana Sani a gabana yana cin tuwo. Yaya Sani shi ne ɗan farin gidanmu, gyaran injin ban-ruwa yake yi, mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba, kuma yana da 'yar furfura a gaban goshi tun yana yaro. Na kwashe shi tsaf na zuba a littafi: shirun, furfurar, har yadda yake ƙura wa abu ido in yana tunani. Na ce furfurar nan ita ce tambarin Ƙarƙazu.

Shekara uku Yaya yana neman Rakiya, 'yar Malam Hudu na Dingaya, can ƙasar Gwaram. Shekara uku yana bin hanyar nan a babur, rani da damina. Saura sati biyu manya su je sa rana, sai ga saƙo daga gidansu yarinyar: a ɗan dakata tukuna. Duk wanda ya san neman aure ya san ma'anar "a ɗan dakata". An yi binciken asali, an jiyo wani abu.

Ashe 'yar ƙanwar babar Rakiya tana cikin guruf ɗin nan, kuma tana cikin masu yi mana addu'a. Ta ga sunana, ta ga Birnin Kudu, ta ga Ilu, sannan ta tuna goshin mai zuwa zance. Kafin kwana biyu labarin ya zaga iyaye mata, ya isa kunnen Malam Hudu.

Baba ya kira ni zaure, wayar wani a hannunsa.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Baba, ai labari ne kawai."

"A nan ka ce ba labari ba ne."

Kafin in buɗe baki, Inna ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Kakar taka da ka ce ta faɗa maka, kana shan nono ta rasu. Da wane kunnen ka ji?"

Da Yaya ya zage ni, ko ya kai mini mari, da na ji sauƙi. Bai ce mini komai ba. Zai zauna gaban kwano ya yi loma biyu ya tashi. Wallahi ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗe mini wuri ɗaya kamar kwanakin nan ba. Baba ya yanke hukunci: bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Ranar Asabar da hantsi muka kama hanyar Dingaya, Baba da abokinsa a mota, ni a bayan babur ɗin Yaya.

An yi mana shimfiɗa a inuwar ƙofar gida, an kawo ruwa da fura. Malam Hudu mutum ne mai hankali, bai ɗaga murya ba.

"Ba ma zargin kowa," in ji shi. "Amma 'ya ba akuya ba ce, da in ta ɓata za a ce Allah Ya mayar da alheri. Yaron nan ya faɗa wa duniya sirrin gidansu ne. Yau kuma ya ce ƙarya ne. To, mai ɓoye sirri ma haka zai ce. Wanne za mu ɗauka?"

Na yi rantsuwa, na ƙara. Ba wanda ya motsa. Sai wan Malam Hudu, wani tsohon manomi da ake kira Baffa Jibo, wanda tun zuwanmu yake tauna goro, ya gyara zama.

"A bar rantsuwa. A karanta mana abin mu ji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ita ce za mu tarar da ƙarshenta."

Haka na ciro waya, na fara karanta Alƙawarin Ƙarƙazu a gaban ubana da surukan yayana. Ina jin motsin mata a bayan zana, sun taru. Ina ta noƙe murya, Baba ya ce, "Ɗaga. Ba ka ce malamin makaranta ba ne?" (Abin da ka rubuta kana kwance a katifa kana jin kanka gwani, ka gwada karanta shi da rana tsaka a gaban dattawa. Ni da kaina ban san na sa "wata irin tsawa mai firgitarwa" sau tara a babi ɗaya ba sai ranar.)

Na zo wajen babban yaƙi. "Shekara bakwai ana gwabzawa tsakanin daulolin nan biyu, rani da damina, ba namiji ko ɗaya da ya rage a gida..."

"Dakata," in ji Baffa Jibo. "Har damina?"

"E, Baffa."

"Shekara bakwai?"

"E."

"To, wa ya yi musu noma?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ce mata ne. Ya ce a shafin baya ai na ce an kwashe matan an kai su kan dutse. Na ce, to, aljanin ne yake kawo musu abinci.

"Dawakin fa? Harawar ma shi yake ɗauro musu?"

Wani ya tuntsire da dariya ya wayance da tari. Baba ya samu dama ya sa baki. Ya ce, "Jama'a, Ilun nan da ake cewa ya sare kan mutum dubu, ubana ne. Ɗinki yake yi a bakin kasuwa har ya bar duniya. Ko kaza ba ya iya yankawa, maƙwabta ake kai wa."

Aka yi dariya sosai, amma Malam Hudu bai yi ba. Ya dubi goshin Yaya, ya dube ni. Ya ce, "Yaƙin dai na ji shirme ne. Amma yadda ya siffanta yayansa, ai bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wanda ya faɗi gaskiya a nan, me zai hana ya faɗi gaskiya a can?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ga auren nan yana zamewa a gaban idona. Baffa Jibo ya ce in ci gaba. Na san abin da ke babi na gaba, don haka na ja yatsa da sauri na wuce shi. Sai wata murya ta fito daga bayan zana, muryar 'yar guruf ɗinmu:

"Ya tsallake wajen ƙanin."

"Koma," in ji Baffa.

Na roƙi Allah ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Na koma, na karanta.

"Amma ƙanin ɗan farin, wato ni mai ba ku wannan labari, shi ne wanda ƙaddara ta zaɓa ya ceto zuri'a. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ƙirjinsa kamar ƙofar gari. In ya taka ƙasa sai ta amsa. 'Ya'yan sarakuna uku ne suka daina cin abinci saboda begensa, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba..."

Ina kaiwa nan, Baffa Jibo ya tofar da goron bakinsa a gefe.

"Tashi tsaye, yaro."

Na tashi. (Gara in faɗa maka gaskiya ko sau ɗaya: a 'yan aji shida akwai waɗanda suka fi ni tsawo, kuma in iska ta taso da ƙarfi sai na nemi abin kamawa. Rigar da ke jikina ma ranar ta Yaya ce, an naɗe hannun sau biyu.)

"Juya."

Na juya.

"Ƙofar garin ke nan?"

A nan Malam Hudu ya fashe. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana share hawaye da bakin riga. Bayan zana kuwa sai da wata ta nemi ruwa. Ni ina tsaye da waya a hannu, ba wanda ya ce in zauna.

Da aka lafa, Baffa Jibo ya dubi ƙaninsa ya ce, "Hudu, ba su 'yarka. Wanda ya dubi wannan jikin ya rubuta ƙofar gari, in ya ce maka ga aljani, gyara shimfiɗa ka yi barcinka. Gidan da ke da aljani shi ake gudu. Maƙaryaci kuwa, kowane gida da nasa, su dai nasu ya iya boko ne."

A zaman nan aka sa rana, da sharaɗin in koma guruf in warware abin da na ƙulla. A gabansu na rubuta, Baba yana faɗa ina bugawa, har da "ni ne ƙarami a jiki da hankali". Ban yi gardama ba.

A hanyar dawowa na ɗauka komai ya wuce, har na fara 'yar hira a bayan babur. Yaya ya tsaya a gindin wata tsamiya don injin ya huce. Ya daɗe yana kallon gonakin gefen hanya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka ba kanka doki, ka ba kanka 'ya'yan sarakuna uku. Ni da nake neman guda ɗaya tal, ka ba ni aljani. Me na yi maka?"

Duk dariyar Dingaya ba ta yi mini ciwon wannan tambayar ba. Ni mai dauloli biyu da babi sittin, haƙuri kawai na iya ba shi. Ya ce in hau mu tafi.

An yi biki lafiya. Ranar da amarya ta cika kwana arba'in, Rakiya ta aiko mini da kwanon dambu da saƙon cewa idon angon bai juye ba, in kwantar da hankalina. Har yau ina rubutu, don mai hali ba ya fasa halinsa. Sai dai yanzu duk sojan da na tura yaƙi sai na sallame shi ya je ya yi shuka, kuma in labari ya buƙaci wanda aljani zai shiga, ba na ɗaga ido in dubi kowa. Gajeren nan mai rigar aro nake ba shi, shi dai ba wanda ke binciken asalinsa tukuna.