Cindo da Ƙwan Zabi

A ƙauyenmu an yi wani yaro, Cindo, maraya ne a hannun kakarsa Tabawa. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mutane suka ce yaron nan ba zai taɓa amfanar kowa ba. Maganar ta yi wa tsohuwa ciwo ƙwarai, sai ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo ta yi masa jarin ƙwan zabi, don a ga ƙarshen tsegumi.

Wata rana ta aike shi sarin ƙwai. "Ka gwada su a ruwa. Wanda ya nutse shi ne mai kyau." Cindo ya saro, ya zarce rijiyar bakin kasuwa, yana jefawa ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Ya dawo da kwando wayam, baki har kunne. "Kaka, mun dace! Ko ɗaya bai taso ba."

Wata rana ta dafa masa wasu, ta haɗa da yaji. "Ɗan nan, kada ka sayar wa mutum abin da ba ka tabbatar da kyansa ba." To yaya ake tabbatarwa? Ya ɓare kowanne ya gatsa. Har la'asar yana mamakin yadda mutane ke gudun kayan da aka tabbatar.

Wata rana ta tura shi tasha. "Da mota ta tsaya, ruga ka miƙa faranti ta taga, kada yara su riga ka." Wallahi ba wanda ya riga shi. Mota ta tashi da faranti, shi kuwa yana ɗaga mata hannu. Ni ma ina wurin da gyaɗata, na yi dariya, amma da na tuna tunkiyar sai tausayi ya kama ni.

Saura 'yan ɗanyu a ƙwarya, jari ya ƙare. Tabawa ta share hawaye ta ce, "Na gaji. Kwashe ka mayar wa uwarsu!" Cindo ya karaɗe jeji yana neman uwarsu, zabi na ganinsa suna tashi. Da ya dawo sai ya tarar da wata kaza na kwanci a bayan rumbu. Ya tambaye ta ko nata ne, ba ta musa ba. Ya tura mata su duka.

Ana nan, wata safiya sai ga kaza ta fito da 'yan zabi reras a bayanta. Tabawa ta yi ta salati, ta zuba su a kwando, ta kama hannun jikanta. Gidan mai unguwa za ta kai su a gani, ga shi nan kusa da nata, amma sai da ta zaga da su ƙofar kowane gida a garin, tana cewa, "Ku fito ku ga kiwon Cindo."