Rasuwar Kwamfutar da Ta Raba Baki da Murya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ninka baƙin cikin, ni Mahmudu, direban Jibiya zuwa Maraɗi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata mai kwafar faifan sidi. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara uku a hannuna. Shekarun da ta yi kafin nan, mutumin Maraɗin da ya sayar mini da ita ya rantse ba su wuce biyu ba. Allah ya yafe masa.

Marigayiya ta shigo gidanmu shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da mai gidan kallon unguwarmu ya rufe ya koma sayar da taki, kallo ya dawo cikin gida. Mahaifiyata Hajjo, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, takan maimaita fim ɗaya har faifan ya karce. Na ce bari in riƙa kwafa, na asali ya huta a akwati. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, shi kaɗai.

Za a tuna da ita da halaye na gari. Ba ta taɓa yi mana ƙorafi da harshen da muke ji ba, sai da Faransanci. Ga haƙuri, don takan yi awa biyu tana gurnani, girrr, girrr, kafin ta tofo faifan da ta lalata. Ga kunya: da baƙo ya zo ganin aikinta, sai ta sume.

Ciwon da ta daɗe tana fama da shi, shi ne raba baki da murya. Jarumi zai buɗe baki ya rufe, ya fice daga ɗaki, sannan maganarsa ta iso. A kwaɗa wa mutum mari, sai ya gama kuka ƙarar ta zo. Na yi jinya iya ƙarfina. Na jawo sautin gaba da daƙiƙa biyu, farkon fim ya daidaita, ƙarshensa ya gudu. Na kai ta wurin Hamza mai gyara a bakin boda, ya duba ya ce, "Mahmudu, wagga da ciwonta aka haife ta. Hoto na cikin mota, murya na bisa jaki." Na dawo da ita gida, saboda wauta.

Duk wannan na yafe. Amma ranar Talatar nan na ba ta faifan bikin ƙanwata Mariyamu, wanda shi kaɗai ne ke ɗauke da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana yi wa ango nasiha. A kwafin da ta yi, Baba yana motsa baki babu sauti, can sai muryarsa ta fito daga bakin wata mai rabon goro. Hajjo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kashe shi. Malam bai taɓa aron bakin kowa ba yana raye."

Na mayar da faifan asali don in sake. Marigayiya ta ja numfashi, ta yi ƙiii, ta yi ƙas, hayaƙi ya tashi. Da muka ɓalle bakinta da wuƙa, faifan ya fito gida uku.

Ta rasu ta bar allon rubutu mai haruffa a karkace, da lasifika ɗaya mai tari, da matattun faifai sama da ɗari, waɗanda matata Salmatu ta rataye a gonarta ta Farfaru suna korar tsuntsaye. Su kaɗai ne zuri'arta da suka yi amfani.

Za a ɗauki gawar a baro ranar Lahadi da hantsi, zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Babu wanka, babu zaman makoki, kuma kada kowa ya wahalar da kansa da rakiya. Wanda yake da kwafin bikin Mariyamu, a Daddara ne ko a Maraɗi, shi ne ta'aziyyar da muke nema. Wanda kuma ya shigo gida ya tarar an lulluɓe talabijin da zane, ya yi sallama a hankali. Hajjo ce take sauraron mijinta a kwafin nan da ta ce a kashe.