Layar da Na Sa Aka Huda

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Ko jikokina sai na jero suna uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka farke layata a gidan biki a Zurmi ba, kuma Allah ya sani na so in manta. Ɗiyata Balkisu ce ke rubutawa, ita ce malamar makaranta a gidanmu, ni ban san baƙi ko ɗaya ba. (Na ce mata kada ta gyara mini komai. Wautar tawa ce, a bar mini ita yadda take.)

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makaɗin noma ne a Katuru. Idan aka yi gayya, shi ke tsayawa bakin gona da gangarsa yana zuga manoma har su manta da rana. Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, wani direba ya zo wurin gayya da rediyo mai ɗaukar magana, ya ɗauke shi a kaset, ya bar mana. A cikin kaset ɗin akwai ganga, akwai ihun manoma, akwai tarinsa. Can tsakiya kuma ya hango ni tafe da ƙwaryar fura a ka, sai ya jefa sunana cikin waƙa. A gaban mutane! Saura kaɗan in zubar da furar. Mutumin da a gida bai taɓa kirana da abin da ya wuce "ke" ba, ran nan ya kira sunana har sau uku. (Balkisu tana tambaya ko ta rubuta sunan. A'a.)

Da Shari'a ta zo, babu wanda ya ƙwace masa ganga. Shi da kansa ya je wa'azi ya dawo ya rataye ta a bayan rumbu, ya ce ya tuba. Ya koma sayar da albasa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kuma a mai albasa ya rasu. Gangar gara ta cinye. Abin da ya rage mini a duniya mai muryarsa shi ne wannan kaset, wanda zarensa ya tsinke sau ba adadi ina liƙewa da jan farce.

Bayan na fita takaba, autana Nasiru ya maido ni Ƙaura wurinsa. Nasiru jinin uban ne, sai dai shi gangarsa fiyano ce da kwamfuta. Yana da ɗan ɗaki kusa da tashar jirgi, ya liƙe bangon da kwalin ƙwai, shi ne situdiyo. Kiɗan da yake haɗawa ba na fim ba ne, ba na siyasa ba, ba na yabo ba. Wani abu ne mai ƙara kamar injin niƙa yana gardama da kwaɗi. Manyan 'yan kasuwar Kano ba su saye, gidan rediyo ba ya sawa. Kullum tunaninsa ɗaya, ta wace hanya kiɗansa zai kai kunnen mutane.

Wata rana ya tarar da ni ina juya kaset da tsinke, sai ya ce, "Inna, wanga kaset ya kusa mutuwa. Ki ba ni in juye Baba kafin ya tahi da shi."

Na ba shi. Kwana uku ya dawo da wayarsa ya kunna mini. Wallahi kamar mutumin yana tsaye a tsakar gida. Ya wanke muryar tas, duk shuuu ɗin nan na kaset ya fita. Ya kuma yi wani na biyu, ya shimfiɗa kiɗan fiyanonsa a ƙarƙashin muryar uban. Na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Shi ma ya juya baya yana gyaran hula.

Sai ya zauna ya jero mini hanyoyi. Ya ce akwai masu tura waƙa, masu zama da kwamfuta a ƙarƙashin lema a kasuwa. Zai kai wa na Ƙaura da na Shinkafi da na Moriki, duk wanda ya kawo memori su zuba masa. Memori wani ɗan abu ne baƙi kamar farcen jariri, ana sawa cikin waya. Ya ce daga nan waya za ta riƙa ba waya, aboki ya tura wa aboki, har ta tsallaka Nijar. Ya ce kuma akwai wani a Gusau da ke ɗora waƙa a intanet, inda ko mutumin Makka zai ji. "Ki zaɓi wadda kike so, Inna. In kin yarda ma mu bi duka. Wanga shi ne aikin da zai hito da ni, kuma sunan Baba ba ya ɓata."

Ni kuwa uwar masu hankali, sai na ce ko ɗaya.

Ina da dalilai, kada a ce hauka ce zalla. Na san kaset. Na ga masu juye kaset a kasuwar Shinkafi: na farko da ƙarfi, na biyu ya rage, na goma kuwa kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa. Na ɗauka memori ma haka yake, duk wanda aka tura wa ya ɗebi wani abu daga muryar, har ta ƙare. Sannan mutumin ya tuba ya mutu da tubarsa, ni zan tono shi in kai shi tasha yana kiɗa? Na uku kuma, wanda ban faɗa wa Nasiru ba, sunana. 'Yan acaba su riƙa jin mijina yana kiran sunana suna dariya? Wannan nawa ne. Sau uku ne kacal a rayuwa.

Ya yi bayani har bakinsa ya bushe. "Inna, ba ya raguwa. Ko mutum dubu suka ɗauka, yadda yake haka yake." Na ce yaushe aka haife ka? Na sa ya zuba duka biyun a memori ɗaya. Na bi shi har situdiyo, na zauna kan benci, na ce ya goge na cikin kwamfuta da na wayarsa ina kallo. Na ce in ya bar ko ƙwaya a wurinsa, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Ya dube ni. Sannan ya danna.

Matsalar memori ita ce ƙanƙanta. Sau biyu yana ɓace mini a cikin kwalla. Sai dabara ta zo mini (ku ji dabara). Na naɗe shi a takarda, na ɗaure da zare, na kai wa wani baduku a kasuwar Ƙaura na ce ya rufe mini laya. Kunya ta hana ni faɗa masa abin da ke ciki. Ya ɗinke gefe huɗu da jar fata, kyakkyawa. Na girgiza, sai na ji abin yana motsi a ciki. Na ce ya ƙara ɗinki ɗaya a tsakiya ya kama shi.

"Inna, laya ba a huda ta a tsaka."

"Tawa ce ko taka?"

Ya sa basilla ya danna. Na ji wani ɗan ƙas. Na ce a raina, madalla, ya kamu.

Ba a yi wata biyu ba rediyo ya haɗiye kaset, ya tauna zaren ya zama kamar taliya. Na yi kuka, amma ba mai yawa ba, don ina taɓa wuyana in ji laya. Shekara shida tana nan. Ban taɓa buɗewa ba, wai kada saurare ya cinye shi. Ina ajiyarsa sai ranar da kewa ta fi ƙarfina. Ina yi mata hira. In jika ya zo duniya, ita nake fara faɗa wa. Kuma bakina bai yi shiru ba. Duk taron suna sai na ɗaga ta in ce, "Ku naku sun tahi sun tahi, ni nawa yana nan."

Labarin ya kai Gurbin Ɓore, inda yayar maigidana take aure, Yaya Asabe. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, kunne ma saura kaɗan. Da aka tashi bikin jikar ƙanensu a Zurmi, ta ce ko a amalanke sai an kawo ta. Nasiru ne ya kawo sifikokinsa yana yi wa mata kiɗa a tsakar gida, da yake ɗan gida ne. Bayan azahar, gida ya cika, aka jawo ni gaban tabarmarta. Ta lalubi fuskata, ta gangaro wuyana, ta kama layar.

"Ke matar ƙanena, an ce kin kulle mini shi a hwata. Ni na goye shi kafin ki san shi. Ki bari in ji shi sau ɗaya, ba ni ƙara ganin wata damina."

Wa zai ce a'a? Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Ranata ta zo. Na miƙe na tafa hannu na ce a kashe kiɗa. Na sa aka kira matan da ke bakin murhu, aka fito da amarya daga ɗaki da lulluɓinta. Har jawabi na yi. Na ce 'yan zamani ba su san ajiya ba, da na biye wa Nasiru da yanzu muryar ta zama ruwa a wayoyin 'yan tasha. Na ce yau za su ga amfanin tsohuwa. Wata ta rangaɗa guɗa.

Aka kawo reza. Nasiru ya durƙusa ya farke gefe, ya zo kan ɗinkin tsakiya, sai hannunsa ya tsaya. Ya ja zaren a hankali. Ya warware takardar. Ya ɗaga memorin sama, ni da ke tsaye kusa da shi na ga hasken rana ta cikinsa. Rami ne a tsakiya, tsaf, kamar an huda kunnen jaririya, ga tsaga ta tafi har gefe.

"Inna," ya ce a hankali, "wa ya yi wanga aiki?"

Na ce a gwada dai. Ya sa a waya. Ya cire ya hura, ya goge a riga, ya mayar. Wata ta miƙo tata wayar, wata ma ta miƙo. Sifikoki biyu manya suna tsaye suna huci, babu abin da ke fita. Gidan biki ya yi tsit, har ana jin tafasar tukunya.

Sai Yaya Asabe ta karkato kai tana murmushi, ta ce, "Ku ƙara murya, ɗiyana. Kunnen nawa ne, ban jiya ba."

Mata suka dubi juna. Ni kuma, maimakon in zauna in rufe fuska kamar mai hankali, sai na durƙusa kusa da kunnenta na fara rera waƙar da kaina. Ni da ko a dandali ban yi waƙa ba ina budurwa. Muryata ta fito tana rawa, na yi baiti ɗaya, na kama na biyu, na uku ya ɓace mini ɗungum. Shekara shida ban ji ba, ashe ni ma ta zube daga kaina.

Ta saurara, ta saki hannuna. "Wagga ba muryarshi ba ce. Wa ke shaƙe akuya ana biki?"

Wata yarinya ta tuntsire da dariya, uwarta ta make ta, sai ga rabin gida suna dariya suna share hawaye. Da aka faɗa wa Yaya Asabe gaskiya, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "To. Allah ya sa mu ji shi can." Ba ta ga wata daminar ba, kamar yadda ta faɗa.

A mota muna komawa Ƙaura, na matsa kusa da Nasiru na yi ƙasa da murya. "Auta, tsakaninka da Allah, ba ka ɓoye ko ɗaya ba? Ba ni hushi. Na yafe tun yanzu."

Bai dube ni ba. "Kin ce nono, Inna."

Ban taɓa jin uwar da ta roƙi Allah ya sa ɗanta ya saɓa mata ba, sai ni. Duk da haka na bi masu tura waƙa ɗaya bayan ɗaya, Ƙaura da Shinkafi da Moriki, ina tambaya ko akwai wani makaɗin noma na Katuru a kwamfutarsu. Suka yi ta bincike don tausayi. Babu. Amma kiɗan injin niƙan Nasiru, wanda ya ba kowa kyauta, yana wurin kowannensu. Ɗaya ya ce ko an ƙone kasuwar ba zai ɓata ba, don yana cikin wayoyin da ba su ƙirguwa. Har yau in ɗan acaba ya wuce da shi, sai in ji kamar da ni yake. Nasiru kuwa bai sake samun aiki irin wancan ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu muryar tana dushewa a kaina. Tarin nake iya tunawa sosai. Yadda ya ja sunana kuwa, wani lokaci in ji shi, wani lokaci in rasa.

Abin da na koya, a makare, shi ne duk abin da kake tsoron rasawa, ka ba mutane su riƙe maka, don wuyan mutum ɗaya ba wurin ajiya ba ne. Shi ya sa na ce Balkisu in ta gama ta tura wannan ko'ina, ta duk hanyoyin nan uku, kowa ya ɗebi rabonsa na wautata. An ce ba ta raguwa.

Layar kuma na mayar wa badukun nan ya sake rufe mini, wuyana ya saba da ita. Ya gama gefe huɗu, ya ɗaga basilla ya ce, "Inna, a huda tsakar?"

Na ce, "Huda, ɗana. Babu kowa a ciki."