Ranar da na soya kan amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Balki ba, ko da na so, don matan unguwarmu sun ɗauki alkawarin tuna mini.

Balki ɗiyar Gwaggo Rabi ce, ƙanwar babana, wato taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna maganar arziki ba. In ta ce mini ina kwana, sai na duba ko da tsiya a ciki. Bikinta ya zo daidai da dawowata daga Maraɗi, inda na yi ƴan watanni a wani shagon gyaran gashi (gaskiya shara da miƙa tawul na fi yi, amma a gida ban faɗi haka ba). Na dawo Madarunfa da seshuwar, abin busar da gashin nan mai hura iska mai zafi, da burushi mai zagaye, da kuma baki.

Gwaggo tana da ɗan shago a hanyar kasuwa, a rufe tun da telan da ke ciki ya tashi. Na daɗe ina cin shagon nan da ido, har na zaɓi bangon da zan kafa madubi. Sai ta ce mini, "Ki gyara kan ƴar'uwarki ranar kamu. In na ga aiki, makulli naki ne."

Daga ranar babu wadda ta huta da ni. Ko ruwa kika zo ɗiba gidanmu sai kin ji darasi: a raba gashi kashi-kashi, a fara daga tushe a gangaro, bakin seshuwar ya kalli ƙasa. In miƙewa ake so, a ja da mataji. In lanƙwasa ake so, a naɗe a burushi, a ba shi zafi, a rufe da iska mai sanyi. Na riƙa cewa kitso ya zama na tsofaffi. Astagfirullah, ni da bakina!

Ranar kamu da azahar na shiga ɗakin amarya ina taku ɗai-ɗai. Ɗaki ya turnuƙe da turaren wuta, ƙawaye sun cika tabarma. Balki na zaune cikin sabon leshi, an zana mata lalle hannu da ƙafa bai bushe ba, ta ware yatsu ba dama ta taɓa komai. Na zare ɗankwalinta. Gashi an tsefe shi, ga laushi, ga sheƙi, ga ɗan damshi. Na ce a raina, madalla, har sun wanke mini.

"Ke, tsaya," in ji Balki. "Inna ta..."

Na kunna seshuwar. Wuuu!

"Ki kashe in gaya miki magana!"

"Na san maganar taki," na ce. "Baƙauya, tsoron kuran kike ji, ba ki saba da lantarki ba. Yau sai na waye da ke."

Ƙawaye suka kwashe da dariya, don sun saba jin mu. Duk abin da ta ƙara faɗi, ƙarar inji ta cinye shi.

Kashin farko ya miƙe sambal yana walƙiya. Wata ta ce, "Kai, tubarkalla!" Nan kaina ya kumbura, na ƙara wuta har ƙarshe. Sai na ga wani abu yana gangarowa ta bayan kunnenta. Na ce zufa ce, amarya dole ta ji zafi. Can hayaƙi ya fara tashi daga matajin. Na juya na yi wa jama'a bayani da murya irin ta malamar lakwal a gaban ƴan aji cewa tururi ne, haka yake yi ko a Maraɗi. (Kullum kuran sai ya ɗauke mana da rana. Ranar da ɗaukewarsa za ta cece ni, ya zauna daram.)

Daga nan wani ƙamshi ya taso ya danne turaren gaba ɗaya. Ƙamshi ne da kowa ya sani, amma ba a ɗakin amarya ba. Dariya ta tsaya, kowa na jan hanci.

Aka ɗaga labule. Gwaggon ango ce, dattijuwa, sun iso daga garin Gabi ke nan da tawagarta, da alama ko karin kumallo ba su tsaya yi ba.

"Salamu alaikum. Ɗiyana, nan ne ake zuba tuwon? Mun jiyo man shanu tun daga zaure."

Na kashe seshuwar. Cikin shirun nan Balki ta ɗago, mai na bin goshinta yana wanke kwalli, ya sauka wuya, ya yi taswira a kafaɗar leshi. Rabin kai ya lafe kamar an tsoma shi a miya, rabi yana tsaye.

"Abin da nake ta gaya miki ke nan," ta ce. "Inna ta shafe shi da ɗanyen man shanu tun safe, ya yi laushi. Cewa ta yi ki wanke tukuna."

Dattijuwar ta dube ta, ta dube ni da abin a hannu, ta ce, "Ikon Allah. Mu amarya muka zo kamawa, ashe ba a sauke ta daga wuta ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo Rabi ta shigo da gudu tana salati. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ajiye wannan abin, ɗauko bokiti." Ni na wanke kan, wanki bayan wanki, Balki na sunkuye hannuwa sama, baƙi na jira a tsakar gida har la'asar ta wuce. Aka canza leshi, aka kafa mata ɗauri har gira, aka yi kamu.

Shago kuwa mai cajin waya aka ba. Ranar da na ga yana fenti na koma gida na yi kuka sosai, ba na wasa ba.

Yanzu a zauren gidanmu nake gyaran kai, kuma alhamdulillahi ana zuwa. Sai dai duk wadda ta zauna, kafin ta gaishe ni sai ta ce, "Ban shafa komai ba." Nakan ce to, in sunkuya in sansana duk da haka. Kuma in mai kai ta buɗe baki, ko taubashiya ce, kashe inji nake in saurara, don ita ta kwana da kanta, ba ni ba.